Risalar Alkindi, kalmomin sirrinmu, da wayar da mai ita ya rasu

Injiniya na Riyad

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana mazauna Saudiyya. Mako uku ke nan ina karanta wani littafi da na aro wurin abokin aikina, kaɗan-kaɗan bayan Isha'i, kuma ya jefa ni cikin wani tunani da nake so ku taya ni warwarewa. Littafin shi ne risalar Abu Yusuf Ya'aƙub ɗan Is'haƙ Alkindi a kan fito da ma'anar ɓoyayyen rubutu, mai suna Risala fi Istikhrajil Mu'amma. Alkindi ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 3 na Hijira, zamanin halifa Ma'amun da Mu'utasim, rubutun hannun risalar kuma ya daɗe a ajiye a ɗakin littattafai na Sulaimaniyya da ke Santambul kafin wasu masana su tace shi su buga a Dimashƙa a 1987. Kwafin da ke hannuna yana cikin jerin da Cibiyar Sarki Faisal ta nan Riyad ta soma fitarwa tare da fassarar Ingilishi a 2003.

Dabararsa tana da sauƙin faɗa. Wanda ya musanya kowane harafi da wata alama ya sauya wa haruffan riga ne kawai, amma yawan zuwansu a cikin zance yana nan yadda yake. Alifi da lam sun fi kowane harafi yawa a Larabci, saboda haka alamar da ta fi maimaituwa a ɓoyayyen saƙo tana nuna kanta da kanta. Na rubuta 'yar ƙaramar manhaja da Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, na ƙirga haruffan wasu labaran Hausa, sai na tarar harafin a ya yi wa sauran fintinkau. Na sa ƙanena ya ɓoye mini sakin layi guda da alamomin da ya ƙirƙira, na kuwa warware shi tsakanin Magariba da Isha'i, domin gajerun kalmominmu irin su da, na, ta, ya, ba, duk da harafi ɗaya suke ƙarewa, kuma da zarar a ta fito sauran sai su biyo ta kamar tumaki.

Tambayata ita ce: in har al'adar harshe ce ke tona asirin marubuci, ina makomar kalmomin sirrin da muke kulle asusunmu da su? Na yi shekaru ina amfani da wani karin magana na Hausa, da lamba biyu a ƙarshensa, ina ganin na yi dabara.

Malam na Misfala

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka tuna mana da mutanen da aka manta. Kafin Alkindi akwai Khalil ɗan Ahmad Alfarahidi, mai Kitabul Aini, wanda ya tsara ilimin aruli. Ana ruwaito cewa an kawo masa wasiƙar da ba ya gane rubutunta, sai ya ƙaddara cewa da sunan Allah aka buɗe ta, ya ɗora haruffan basmala a kan alamomin farko, daga nan ya bi sauran. Ka ga shi ma al'adar marubuci ya kama. Bayansu Ibnu Adlan da Ibnu Duraihim mutumin Mausil sun yi rubutu a fannin, Alƙalƙashandi kuma ya ɗebo daga Ibnu Duraihim ya saka a littafinsa Subhul A'asha, mai juzu'i 14, wanda ya kammala a 1412 na Miladiyya.

Mu ma a ƙasarmu muna da ɗan rabonmu. Malaman Sakkwato da almajiransu sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalma guda wadda in aka tara hisabin haruffanta sai shekarar da aka yi waƙar ta fito. Amma na ga ɗalibai a nan Makka suna tuntuɓe da wannan, domin hisabin da aka koya musu na Gabas ne, namu kuwa na Magrib. A wurinmu shinun dubu ne, a wurinsu ɗari uku. Ɗauki kalmar sharafu, shinun da ra da fa: da lissafinmu 1280 take bayarwa, da nasu 580. Wanda ya san hanya amma bai riƙe mabuɗin da ya dace ba zai kuskure da shekara ɗari bakwai, yana kuma ganin ya yi daidai. Ko kalmar da Turawa ke kiran rubutun sirri da ita, asalinta sifir ce ta Larabci, wadda mu muka mayar sifili.

Ɗalibin Madina

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Yaya Injiniya, ni a ganina damuwarka ta yi yawa. Mu da ke zaune a ƙasar nan, Hausar ma kanta rubutun sirri ce. Muna hira a cikin motar haya ko a layin banki babu mai gane mu, kuma ban ga ta inda wani mai kutse da ke can wata nahiya zai san karin maganar da kakata ke yi a Katsina ba. Muna yara ma da zaurance muke zance a gaban manya, muna cusa wata gaɓa a tsakiyar kowace kalma, mu shirya fita yawo a gabansu ba su sani ba. Idan aka ɗauki karin magana aka juya shi da zaurance, ina jin ko aljani ba zai kai gare shi ba.

Malamar lissafi ta Dammam

Ƙanena, ka tuna yadda zaurancen ya ƙare: ranar da wata yayarku ta amsa muku da shi, domin ita ma ta yi yarinta. Zaurance hanya ce da ba ta da mabuɗi, duk wanda ya gane ta sau ɗaya ya gane ta har abada. Wannan shi ne abin da Auguste Kerckhoffs ya rubuta a Faransa a 1883 game da saƙonnin soja, cewa a gina tsarin ɓoye saƙo yadda ko abokin gaba ya san duk yadda yake aiki ba zai iya buɗe shi ba sai da mabuɗin. AES, wanda wayoyinmu ke kulle abin da ke cikinsu da shi, masana biyu ne 'yan Beljiyam suka ƙirƙira shi, Amurka ta ɗauke shi a matsayin mizani a 2001, kuma duk matakansa a bayyane suke ga mai son karantawa. Ƙirgar haruffa irin ta Alkindi ba ta cin sa, domin abin da yake fitarwa ba ya riƙe da kamannin harshe ko kaɗan. Shi ya sa ɓarawon yau ba ya ɓata lokacinsa a kan ƙofar, mabuɗin yake nema, mabuɗin kuwa mutum ne ya zaɓe shi.

Kuma kada ka ɗauka wani mutum ne yake zaune yana tunanin karin maganar kakarka. Idan aka sace rumbun wani shafi, kwamfuta ce ake sa wa jerin kalmomi tana gwadawa, kuma inda shafin bai kyautata ajiyarsa ba tana iya gwada biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. A 2009 an fasa rumbun wani kamfani mai suna RockYou, kalmomin sirri kusan miliyan 32 suka bazu a fili, aka ga wadda ta fi yawa ita ce 123456, kuma har yau da wannan jerin ake soma gwaji. Karin maganarmu an tattara su an buga, suna kan intanet, in sun yi yawa su kai 'yan dubbai. Ƙara su cikin jerin aikin yini ɗaya ne, juya su da zaurance ko liƙa musu lamba biyu kuwa layi ɗaya ne na umarni.

Maganin shi ne a cire zaɓin daga hannun mutum. A 1995 Arnold Reinhold ya fito da wata hanya: jerin kalmomi 7776, kowace da lambarta, sai a jefa ɗan lido sau biyar a ɗauki kalmar da ta faɗo, domin shida sau shida har sau biyar 7776 yake bayarwa. Kalma shida da aka samu ta haka, adadin abin da mai gwaji zai bi ya kai lamba mai gurbi 24. Kalmomin ba za su yi ma'ana a jere ba, kuma rashin ma'anar shi ne ƙarfinsu.

Malam na Misfala

'Yata, bayaninki ya shiga, sai dai ɗan lidon ne ba zan ajiye a ɗakina ba, saboda hadisan da suka zo a kan nardi, wasan da ake yi da irinsa, kuma ba na son jikokina su gan shi a hannuna su ce Malam ya halatta. Na san ke ba wasa kike nufi ba. Amma muna da ƙuri'a, wadda ta tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya. In na yanka takarda shida na rubuta ɗaya zuwa shida, na zuba a hula ina zara ina mayarwa, lissafin naki ya ɓaci?

Malamar lissafi ta Dammam

Bai ɓaci ba, Baba, muddin takardun girmansu ɗaya, ana mayar da wadda aka zara, ana kuma girgiza hular kowane karo. Abin da zan roƙa kawai shi ne in kalma ta fito ba ta yi muku daɗi ba, kada a sake zara, domin daga nan zaɓin mutum ya dawo ta bayan gida.

Hajiya ta Jidda

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce, atamfa da turare nake sayarwa, amma ina da abin faɗa. Ina da manhajojin gwamnatin ƙasar nan, Absher da Nafath da Nusuk, ga banki biyu, ga imel ɗin da ɗana ya buɗe mini, kowanne yana son tasa kalmar, wani ma yana son a riƙa sauya ta. In kowanne sai na haddace masa kalma shida marasa ma'ana, to sai in rufe shago in koma makarantar allo. Ni a wani ɗan littafi nake rubuta su, yana cikin akwatin da nake ajiye iƙama da fasfo, kuma yarana suna yi mini dariya a kan haka.

Abin da ya fi damuna kuwa wani ne daban. Bara yayana ya rasu a nan Jidda, Allah ya jiƙansa, mutuwar farat ɗaya. Shekara da shekaru yana karɓar saƙon kuɗi da ajiyar mutane, musamman alhazai da masu zuwa Umra, kuma duk lissafin wanda yake bi da wanda ke binsa yana cikin wayarsa. Ba wanda ya san lambar buɗe ta, har matarsa. Mun kai ta wurin masu gyara uku, kowanne ya ce abin da zai iya kawai shi ne ya goge ta ta koma sabuwa. Mutane suka riƙa zuwa gaisuwa suna cewa suna binsa kaza, ba mu da abin gaskata su, ba mu da abin ƙaryata su, wanda shi yake bi kuwa ba mu ga ko ɗaya ya zo ba. Wayar tana nan a cikin durowa. Kuna ta maganar yadda za a ƙara wa ƙofa ƙarfi, ni ina tambayar wanda zai buɗe ta ranar da mai ɗakin ba ya nan.

Injiniya na Riyad

Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya, ya ba ku haƙuri. Masu gyaran gaskiya suka faɗa miki. Wayoyin yanzu suna haɗa lambar da mutum ke dannawa da wani mabuɗi da ke binne a cikin na'urar, wanda ba ya fita, kuma suna ƙara jinkiri bayan kowane kuskure. A 2016 hukumar binciken Amurka ta kai Apple kotu a kan wayar wani da ya kai hari a garin San Bernardino don ta taimaka a buɗe, kamfanin ya ƙi, har sai da hukumar ta biya wasu daban suka nemo mata wata kafa. Abin da ya ba gwamnati wahala haka ba zai zo da sauƙi a shagon gyara ba. Kada dai ku bari a goge ta, kuma a duba ko yana da littafi ko rasit a shago.

Littafinki kuwa, ku gaya wa yaran su daina dariya. Mai kutse da ke wata ƙasa ba ya iya miƙo hannu cikin akwatinki, hatsarinsa na gida ne: gobara, ɓata, ko idon wanda ke shiga ɗakin. Ya fi kalma ɗaya da ake maimaitawa a ko'ina nesa ba kusa ba. Ni abin da na koma a makon nan shi ne manhajar taskace kalmomin sirri. Ita ke ƙirƙirar doguwar kalma ga kowane asusu ta adana, mutum kuma kalma ɗaya tak zai haddace, ta buɗe taskar, kuma a nan ne kalmomi shidan Malama ke da amfani. Ga misali biyu na irinta: KeePassXC tana ajiye taskar a fayil guda a kwamfutarka, kai ke da alhakin kwafinta. Bitwarden tana ajiye ta a kulle a rumbunsu don ta bi ka daga waya zuwa kwamfuta. Na zaɓi ta farko saboda halina na rashin yarda, ko da yake na san ranar da kwamfutar ta mutu ba ni da wanda zan kira. A 2022 an sace kulallun taskokin masu amfani da wata irin wannan manhaja mai suna LastPass, kuma waɗanda suka shiga tsaka mai wuya su ne masu gajeriyar kalmar buɗewa, domin ɓarayin suna da fayil ɗin a hannu, suna da lokaci.

Kawu na Jarwal

Injiniya, ni abu biyu ne ba su kwanta mini ba. Na farko, ka tara duk dukiyarka a ɗaki ɗaya ka ce ka huta. Na biyu, na ji ana cewa waɗannan manhajojin a buɗe suke, kowa yana iya karanta yadda aka rubuta su. Shekara 30 ina gyaran makullai da kwaɗo a Makka, ban taɓa ganin maƙerin da ya manna zanen cikin kwaɗonsa a bakin ƙofa ba.

Injiniya na Riyad

Kawu, ai kai ne shaida: ka san cikin kowane kwaɗo a kasuwa, amma mai kyau yana ba ka wahala duk da saninka, marar kyau kuwa da ƙusa kake buɗe shi. Buɗe rubutun manhaja yana ba masu gaskiya damar ganin aibi, ko da yake ba ya tabbatar da cewa wani ya duba. A Maris na 2024 an gano wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kwamfutocin Linux masu ɗimbin yawa. Wanda ya dasa ta ya yi kusan shekara biyu yana taimakawa da gyare-gyare har aka amince masa aka ba shi ragama. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya lura shiga wata na'ura ya ƙara ɗaukar kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono ta kafin ta yaɗu. Da a rufe rubutun yake, da ba shi da inda zai tona. Maganarka ta ɗaki ɗaya kuwa gaskiya ce, shi ya sa banki da Nafath nake barinsu da mataki na biyu a waya, kuma duk wanda ya kira ya ce in karanta masa lambar da ta shigo ko in danna amincewa, kashe wayar nake yi.

Malamar lissafi ta Dammam

Ina so in koma kan tambayar Hajiya, domin ita ce mai wuya, kuma lissafi yana da amsa a kanta. Adi Shamir, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka fito da tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, ya wallafa wata hanya a 1979 ta raba sirri tsakanin mutane. Ku ɗauka an ja miƙaƙƙen layi a kan allo, sirrin shi ne daidai inda layin ya taɓa gefen allon. Sai a goge layin, a ba mutum uku ɗigo ɗaya-ɗaya daga kansa. Mai ɗigo ɗaya bai san komai ba, domin layuka marasa iyaka suna iya ratsa ɗigonsa, kowanne ya taɓa gefen a wani wuri daban. Amma duk biyun da suka haɗa nasu, layi ɗaya ne kaɗai zai ratsa su, sirrin ya dawo. Saboda haka mutum yana iya ba matarsa kaso, ɗan'uwansa kaso, amininsa kaso: ɗaya ba zai iya buɗewa shi kaɗai ba, in ɗaya ya rasu ko ya ɓatar da nasa kuma sauran biyun sun isa. Ana iya tsara shi uku cikin biyar, ko yadda ake so.

Akwai kuma hanyoyi masu sauƙi da kamfanonin suka tanada. Google tun 2013 tana barin mutum ya ambaci wanda za a ba bayanansa in asusun ya yi watanni ba a taɓa shi ba. Apple ta ƙara nata tsarin na magaji a ƙarshen 2021, sai dai ba ya miƙa kalmomin sirrin da aka adana. Bitwarden tana da tsarin da amintaccenka zai nemi shiga, in kwanakin da ka ɗiba suka wuce ba ka hana ba, a buɗe masa. Duk sai mai abin ya shirya su da ransa.

Malam na Misfala

Hajiya, Allah ya gafarta wa ɗan'uwanki, ya sauke masa nauyin da bai samu damar saukewa ba. Abin da ya same ku shi ne dalilin hadisin Ibnu Umar da ke cikin Buhari da Muslim, cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuma, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutun da ba mai iya karanta shi bayan ranka, ban ga ya cika manufar ayar ba.

Amma ina so ku rarrabe abu biyu da kuke neman haɗawa. Magada suna da haƙƙi a kan dukiya da sanin bashi da ajiya. Ba su da haƙƙi a kan duk abin da ke cikin waya, domin a ciki akwai asirin wasu mutane da suka ba mamacin amana: wanda ya kawo ƙarar matarsa, wadda ta nemi rance a ɓoye, wanda ya faɗi ciwonsa. Ni kaina wayata cike take da irin wannan, kuma ban yarda 'ya'yana su karanta ba. Saboda haka shawarata ita ce a fitar da lissafin bashi da ajiya daga cikin hira, a ba shi wurinsa daban, shi ne za a bar wa mabuɗi. Sannan ko an samu kalmar sirrin banki, ba a shiga asusun mamaci a ciri kuɗi. A ƙasar nan sai an fitar da sakkin hasrul warasa, wanda ke ƙididdige magada, sannan a bi ta banki a raba yadda shari'a ta ce. Wanda ya riga ya cira, ko da niyyar biyan bashi ne, ya jawo wa kansa zargi a cikin dangi da tambaya a wurin hukuma.

Hajiya ta Jidda

Na gode, Malam, wannan rarrabewar ta sauke mini wani abu a zuciya, domin matarsa ta fi son a buɗe wayar fiye da kowa, ni kuma ina jin tsoron abin da buɗewar za ta haifar. Malama, layinki da ɗigo na gane shi, amma in na mutu na bar wa yarana ɗigo, sai sun nemo ki daga Dammam. Me zai hana in rubuta kalma uku a ambulan ɗaya in ba babban ɗana, ukun da suka rage in ba ƙanwata?

Malamar lissafi ta Dammam

Ya fi babu, Hajiya, kuma sauƙinsa abin so ne, amma yana da rauni biyu. Mai riƙe da rabi ya riga ya san rabi, abin da ya rage masa kalma uku ne, wato kusan biliyan 470, wanda yake da yawa ga mutum amma ba ya tsorata kwamfuta in fayil ɗin ya shiga hannu. Na biyu, in ambulan ɗaya ya ɓata, duka sun tafi. In hanyar takarda kike so, ki raba kalmomin gida uku, ki ba mutum uku gida bibbiyu, yadda kowane biyu in sun haɗu sun cika, sannan ki ƙara yawan kalmomin don abin da ya ɓace wa kowannensu ya yi nauyi. A kuma gwada buɗewa sau ɗaya kina raye, domin na ga wanda ya bar ambulan da kalmar da ya riga ya sauya.

Ɗalibin Madina

Na janye maganata, Anti Malama, kuma yau da dare zan sauya tawa, domin kunya ba za ta bar ni in faɗi karin maganar da na sa ba. Ni ba ni da bashi, dukiyata ita ce ta'aliƙan, wato bayanan gefe, da na yi shekara huɗu ina rubutawa a kan littattafan manhajar Maktaba Shamila da waɗanda na tara a manhajar Calibre, kuma sai yanzu na lura kwafi ɗaya ne, a kwamfuta ɗaya. Amma ina da tambaya: jerin kalmomin nan 7776 na Ingilishi ne, Hajiya da Kawu kuwa ba za su haddace kalmomin da ba su san ma'anarsu ba. Me zai hana mu yi namu na Hausa?

Injiniya na Riyad

Shawara mai kyau, ƙanena, kuma sanin jerin ba ya rage masa ƙarfi, don haka muna iya raba shi ga kowa. Tara 7776 zai ɗauke mu lokaci, sai mu soma da 1296, wato zara huɗu maimakon biyar. Kalma takwas daga gajeren jerin sun fi shida daga dogon ƙarfi sau 36, Malama za ta gyara mini in na yi kuskure. Sharuɗɗan da nake gani su ne kalmar ta zama gajeriya, sananniya, mai rubutu ɗaya. A bar irin su wuri da guri, ko sifili da sifiri, da Bakano da Basakkwace za su rubuta daban. Fari na launi da fari na rashin ruwa kalma ɗaya ce a jerin, tunda rubutunsu ɗaya. Haruffa masu lanƙwasa kuma, ɓ da ɗ da ƙ, ina ganin a guje su gaba ɗaya, domin ranar da mutum ya zauna gaban kwamfutar da Larabci da Ingilishi kaɗai ke kanta, ba zai iya buɗe taskarsa ba.

Malam na Misfala

Ku ba ni sunayen dabbobi da itatuwa da kayan gona, zan kawo ɗari biyu kafin Juma'a in Allah ya so. Sai dai raina bai so a ce an yi jerin Hausa babu ƙasa, babu ɗaki, babu ɓera.

Hajiya ta Jidda

Ni zan ɗauki kayan girki da na sutura. Injiniya, in na rubuta kara na dawa, ka tabbata manhajarka ba ta haɗa mini shi da ƙara ta kotu ta goge ɗaya ba. Kawu, kai kuma kayan ƙira da na gini suna wuyanka, kada ka ce ba ka ga saƙon ba.